Abin da Ke Hana Musun Tarihi da Addini da Falsafa Kaiwa Gaci

Da wuya a sami mutum uku ko huɗu da suka saba zama tare, ko abokan aiki ne ko 'yan makaranta ko 'yan uwan juna, waɗanda hira ba ta taɓa kai su ga musu kan tarihi ko addini ko falsafa ba. Ba a shirya irin wannan musu, ba a sa masa rana, kuma ba shi da alƙali. Magana ce take jawo magana har a tsinci kai ana tayar da jijiyar wuya kan wani sarki da ya mutu tun ƙarnonin baya, ko kan ko ɗan Adam yana da zaɓi a cikin abin da yake aikatawa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan ɓata lokaci ne, kuma suna da uzuri, domin galibi ana tashi kowa yana kan bakansa. Ni dai ina ganin musun yana da daraja, domin ga mafi yawan mutane shi kaɗai ne wurin da ra'ayinsu kan manyan tambayoyin rayuwa yake cin karo da wanda zai ƙalubalance shi. Abin da ke hana shi kaiwa gaci kuwa ana iya gane shi. Tambayoyi iri uku ake cakuɗawa a zama ɗaya, kowace da irin hujjar da take karɓa, masu musun kuma suna tsallakawa daga wannan zuwa waccan ba tare da sun lura ba.

A ɗauki misalin da aka daɗe ana tafka gardama a kansa. Wani ya ce Musulmi ne suka ƙona babban ɗakin karatu na Iskandariyya bayan da Amru ɗan Asi ya ci Masar, bisa umarnin Halifa Umar. Abokinsa ya ce, "Haba malam, addinin da ya fara da umarnin yin karatu ne zai sa a ƙona littattafai?" Na uku ya tsoma baki ya ce ai ko an ƙona ko ba a ƙona ba, imani da bincike ba sa ga maciji da juna. Magana uku ke nan aka yi, kuma babu wadda ta amsa 'yar uwarta. Ta farko da'awa ce cewa wani abu ya auku a wani lokaci, ta biyu bayani ne kan abin da addini yake koyarwa, ta uku kuma hukunci ne na falsafa kan alaƙar imani da hankali. Koyarwar addini ba ta iya tabbatar da abin da wani mabiyinsa ya yi ko bai yi ba a wata rana, haka nan aukuwar abu sau ɗaya ba ta isa a gina hukunci a kan dukkan masu imani ba. Duk tsawon lokacin da za su ɗauka a haka, ba za su haɗu ba.

Da sun tsaya kan maganar farko, da sun tarar tana da amsa. An ci Iskandariyya a wajejen shekara ta 642, amma labarin ƙona littattafan bai bayyana a rubuce ba sai bayan fiye da shekara 500, a wurin Abdullaɗif al-Bagdadi da ya zauna a Masar a wajejen 1200, sannan Ibnul Ƙifɗi da ya rasu a 1248 ya kawo shi dalla-dalla, har da cewa an raba littattafan ga gidajen wanka na birnin aka yi wata shida ana hura wuta da su. Marubutan da suka fi kusa da lokacin, irin su Ibn Abdil Hakam da ya rubuta tarihin cin Masar a ƙarni na 9, da Yohanna bishop na Nikiyu, Kirista Bamisire da ya rayu a ƙarnin da abin ya faru kuma bai ragawa Larabawa ba wajen suka, ba su ambace shi ba. Bugu da ƙari, malamin da labarin ya ce shi ya roƙi Amru ya bar masa littattafan, wato Yahaya Annahawi, ya rasu tun ƙarni na 6. An kuma san cewa gobara ta taɓa littattafan birnin a lokacin yaƙin Yuliyas Kaisar a shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an rushe haikalin Serafis, inda reshen ɗakin karatun ya taɓa zama, a wajejen 391. Saboda waɗannan dalilai ne masana tarihi, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suka yi watsi da labarin. Babu aya ko ƙa'idar falsafa a cikin wannan amsa, sai tambayar wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma daga wa ya ji.

Malaman da suka tsara ladubban bincike da muhawara, fannin da Shamsuddin as-Samarƙandi ya yi fice wajen tattara shi a wajejen ƙarshen ƙarni na 13, sun dunƙule wannan a ƙa'ida ɗaya: idan ruwaito magana kake yi to ka tabbatar da ingancin ruwayar, idan kuma da'awa kake yi to ka kawo dalili. A musun hira an fi karya ɓangaren farko, domin "na ji an ce" da "na taɓa karantawa" suna wucewa ba tare da wani ya tsayar da su ba, musamman idan labarin ya yi wa masu sauraro daɗi. Wanda ya yi farin ciki da rushewar labarin Iskandariyya kuwa, adalci ya wajabta masa ya yi amfani da ma'auni ɗaya idan labarin yana ɓata wasu ne. Har yau ana jin cewa malaman coci sun yi adawa da tafiyar Kolombus ta 1492 domin sun ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce, alhali masu ilimi a Turai sun san a mulmule take tun zamanin Girkawa, kuma Eratostenis ya ƙiyasta kewayenta tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Saɓanin a kan girmanta ne, kuma masu adawa da Kolombus ne suke da gaskiya, domin ya ɗauki lissafin girman duniya na masanin taurari al-Fargani ya auna shi da gajeren mil na Rumawa a maimakon dogon mil na Larabawa, sai duniya ta ƙanƙance masa. Littafin da Washington Irving ya fitar kan rayuwarsa a 1828 yana cikin abubuwan da suka yaɗa wancan ƙagaggen labari.

Ibn Haldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya ƙara wani ma'auni da bai buƙatar ɗakin karatu, shi ne a auna labari da abin da zai yiwu. Ya ɗauki abin da al-Mas'udi da wasu suka kawo cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000, ya ce a duba daular Farisa da duk faɗinta, rundunar da ta tara a yaƙin Ƙadisiyya da Musulmi 120,000 ce. Ya ce runduna mai wancan yawa idan ta yi sahu, wannan gefe ba zai san halin da wancan yake ciki ba. Ya kuma lissafa 'yan kakannin da ke tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙub, wanda ya shiga Masar da mutum 70, ya ce zuriya ba ta yaɗuwa haka a wannan taƙin. Ya sa son kai ga wani ra'ayi ko mazhaba a farkon abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin tarihi, domin zuciya tana karɓar abin da ya dace da ita ba tare da tacewa ba. Abin lura shi ne shi kansa ya kawo labarin da ya yi kama da na Iskandariyya game da littattafan Farisa ba tare da ya auna shi ba, wanda hakan yake nuna cewa sanin ƙa'ida bai hana mutum mantawa da ita.

Wannan misali na 600,000 yana kai mu ga wuri mafi santsi, domin adadin yana cikin Attaura, kuma ga wanda ya yi imani da nassin kamar yadda yake, maganar ta tashi daga ruwayar masu tarihi ta koma ta wahayi. Musun addini iri biyu ne, kuma rashin rarrabe su yana jawo cacar baki marar amfani. Akwai wanda ake yi tsakanin mutanen da suka yarda da littafi ɗaya, inda saɓanin yake kan fahimta ko ingancin ruwaya ko yadda za a haɗa nassi da nassi. A nan kawo aya hujja ce, kuma ana iya kaiwa ga matsaya idan masu maganar suna da kayan aiki, wato harshe da sanin mahallin magana da abin da magabata suka faɗa. Akwai kuma wanda ake yi tsakanin waɗanda ba su haɗu a kan littafi ba, inda karanto wa mutum nassin da bai yarda da shi ba yake zama bayanin abin da kai ka gaskata, ba abin da zai tilasta masa ba. Mutum biyu suna iya shafe dare kowa yana jawo ayoyinsa, kowa yana mamakin taurin kan ɗan uwansa, alhali babu wanda ya taɓa tushen saɓanin, wato me ya sa za a karɓi wannan littafi tun farko.

Waɗanda suka gane haka sun yi muhawarar da har yau ake karantawa. A wajejen 781 Halifa al-Mahdi ya zauna kwana biyu a Bagadaza da Timotawus na Ɗaya, shugaban Cocin Gabas, suna tattauna Allah-uku-cikin-ɗaya da matsayin Annabi Isa da annabcin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. Halifan bai sassauta tambaya ba, shi kuma Timotawus bai ɓoye aƙidarsa ba, ko da yake ya faɗi cewa Annabi Muhammadu ya bi tafarkin annabawa. A rubutun da ya bari kan zaman, ya kwatanta mutanen duniya da waɗanda suke cikin ɗaki mai duhu aka jefo musu lu'ulu'u, kowa ya damƙi abin da hannunsa ya kai, wani lu'ulu'un wani kwalba wani dutse, kuma sai gari ya waye za a san wanda ya dace. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu, amma kowa ya tashi da sanin ainihin abin da ɗayan yake faɗa, kuma a ganina wannan riba ce da ba a ba ta haƙƙinta. Littattafan addinan ma ba su hana tattaunawa ba, sharaɗi suka gindaya mata: Alƙur'ani a Suratun Nahli aya ta 125 ya yi umarni da yin jayayya ta hanyar da ta fi kyau, wasiƙar Bitrus ta fari kuma ta ce a ba da amsa cikin tawali'u da girmamawa.

Ɓangaren falsafa shi ne wanda mutane suke shiga ba su san sun shiga ba. Wani lokaci saɓanin ba cinya ba ne ƙafar baya. William James, masanin falsafa ɗan Amurka, ya ba da labari a 1907 cewa ya tarar da abokansa a wani zango cikin duwatsu suna musu mai zafi kan kurege da ke maƙale a jikin bishiya: mutum yana zagaya bishiyar don ya gan shi, shi kuma yana zamewa ta ɗaya gefen, to shin mutumin ya zagaya kuregen ko bai zagaya ba? James ya ce idan ana nufin ya bi ta arewa da shi da gabas da kudu da yamma, to ya zagaya; idan kuma ana nufin ya bi ta gabansa da damansa da bayansa da hagunsa, to bai zagaya ba, tunda kullum kuregen yana fuskantarsa. Da aka raba ma'anar biyu, sai mafi yawansu suka ga babu sauran abin ja. Musu da yawa kan ko wani sarki "adali" ne, ko wata daula ta "ci gaba", ko ɗan Adam yana da "'yanci", irin wannan ne, kuma tambaya ɗaya ce take warware su: me kake nufi?

Amma kuskure ne a ɗauka duk tambayar falsafa haka take. Aflaɗun ya kawo hirar da Sokiratis ya yi da wani mai suna Yutifiro a ƙofar kotu a Atina, shi Sokiratis ana tuhumarsa, shi kuma Yutifiro ya zo ƙarar mahaifinsa kan mutuwar wani ɗan ƙwadago yana ganin hakan ibada ce. Sokiratis ya tambaye shi ko abu yana zama na kirki ne domin alloli suna son sa, ko kuwa suna son sa ne domin na kirki ne. Yutifiro ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce yana sauri ya tafi. Wannan tambaya ce, a cikin rigar tauhidi, ta raba Mu'utazilawa da Ash'arawa, mazhabobi biyu na aƙida a Musulunci: na farko suka ce hankali yana iya gane kyau da munin aiki kafin zuwan shari'a, na biyu suka ce umarni da hanin Allah ne suke sa aiki ya cancanci lada ko zunubi. Malaman Kirista a Turai su ma sun rabu a kanta. Saboda haka idan a wurin hira wani ya ce ba don addini ba da babu tarbiyya, wani ya ce ai ya san marasa addini masu amana, to sun taka tambayar da manyan masana suka shafe fiye da shekara 2,000 suna juyawa, kuma babu wanda ya cancanci a kira shi jahili ko ɓatacce don bai gamsu a zama ɗaya ba.

Ko da an rarrabe tambayoyin, akwai sauran rina a kaba, domin mai musu ba hankali kaɗai yake zuwa da shi ba, har da mutuncinsa. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111 kuma ya san majalisun muhawara na fadar waziri Nizamul Mulki ciki da bai, ya ware babi a Ihya'u kan cututtukan da muhawara take haifarwa, ya lissafa hassada da girman kai da ƙullaci da giba da bin diddigin aibin abokin magana da jin daɗin kuskurensa da ƙin gaskiya idan ta fito daga bakinsa. Ya ce mai neman gaskiya ya kamata ya zama kamar mai cigiyar abin da ya ɓace masa, wanda ba ruwansa ko shi ya tsinta ko wanda yake taya shi nema. Masanan Indiya na mazhabar Nyaya sun riga sun raba muhawara gida uku: wadda ake yi don a gano gaskiya, wadda ake yi don a ci nasara ko ta halin ƙaƙa, da wadda mutum ba ya kare komai sai rushe abin da aka kawo. Binciken zamani ya zo ya ƙarfafa abin da suka lura da shi. A 1979 a Jami'ar Stanford, masu bincike Lord da Ross da Lepper sun ba ɗalibai 48, rabi masu goyon bayan hukuncin kisa rabi masu adawa da shi, rahotanni biyu masu karo da juna kan ko hukuncin yana rage laifi. Kowane ɓangare ya ga rahoton da ya dace da ra'ayinsa ya fi inganci, ya zaƙulo kurakuran ɗayan, kuma suka ce sun ƙara tabbata a kan abin da suke kai.

'Yan kallo suna ƙara wa wannan ciwo tsanani, kuma tafinsu ba ya nuna inda gaskiya take. A ƙarni na 10 a majalisar waziri Ibnul Furat a Bagadaza, masanin nahawu Abu Sa'id as-Sirafi ya kara da Matta ɗan Yunus, Kirista masanin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, kuma mai fassara littattafan Aristotil. Matta ya ce manɗiƙi ma'auni ne da ake gane ingantacciyar magana da shi, Sirafi ya ce an gina shi ne a kan harshen Girkawa, kuma wanda bai ƙware a Larabci ba ba shi da bakin auna maganar Larabawa. Ya riƙa jefa masa tambayoyin nahawu har Matta ya rasa ta cewa, majalisa kuma ta ba Sirafi nasara. Sai dai labarin ya iso mu ne ta hannun Abu Hayyan at-Tauhidi, wanda almajirin Sirafi ne, kuma bayan ƙasa da shekara 200 al-Gazali ya sa manɗiƙi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi, fannin ya shiga makarantun Musulmi ya zauna daram.

Duk da waɗannan aibobi ban sauka daga kan cewa musun hira abu ne mai amfani ba, kuma ina da dalilai. Mutum malalaci ne wajen binciken hujjar kansa, amma yana da kaifin ido wajen gano raunin hujjar wani, don haka idan aka haɗu sai kowa ya yi wa ɗan uwansa aikin da ya kasa yi wa kansa. Akwai wani gwajin tunani na katuna huɗu da Peter Wason ya ƙirƙira a shekarun 1960 wanda mafi yawan mutane suke faɗuwa. A binciken Moshman da Geil na 1998, kashi 9 cikin 100 ne suka ci shi a ɗaiɗaiku, amma da aka bar ɗalibai suka yi musu a ƙananan rukunoni, kashi 75 na rukunonin suka kai ga amsar daidai. Hakan yana faruwa ne idan kowa yana da damar magana kuma ja da baya ba abin kunya ba ne, kuma hira tsakanin waɗanda suka amince da juna ta fi kowane dandali samar da wannan. A can ne mutum yake iya cewa "ban sani ba", kalmar da aka ruwaito Imam Malik ya amsa tambaya 32 cikin 48 da ita, ko ya ce a bari sai an duba, ko ya dawo washegari ya ce ya sake tunani.

Dalili na biyu ya fi nauyi a wurina, shi ne cewa a musun hira babu mai riƙe da bulala. Sokiratis ya shafe shekaru yana tsayar da mutane a kasuwar Atina yana yi musu tambayoyi, kuma birnin bai rasa komai ba; da aka mayar da maganar gaban kotu a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, sai ta ƙare da hukuncin shan guba. A Basalona a 1263 an sa malamin Yahudawa Musa ɗan Nahman ya yi muƙabala a gaban Sarki Yaƙub na Aragon, kuma ko da yake sarkin ya yaba masa, rubuta abin da ya gudana ya jawo masa tuhuma, daga baya ya bar ƙasar. Tambayar ko Alƙur'ani halitta ne ta daɗe ana juya ta a zaurukan malamai kafin Halifa al-Ma'amun ya mayar da ita jarrabawar hukuma a 833, ana titsiye alƙalai da malaman hadisi su yarda cewa halitta ne, har aka ɗaure Imam Ahmad ɗan Hambali da ya ƙi yarda aka yi masa bulala a zamanin al-Mu'utasim. Bulalar ba ta gamsar da kowa ba. Al-Mutawakkil da ya hau mulki a 847 ya janye jarrabawar, maganar ta koma hannun malamai, kuma a can ne Abul Hasan al-Ash'ari, wanda shi kansa ya shafe shekaru a cikin Mu'utazilawa kafin ya rabu da su, ya yi amfani da salon hujjar da ya koya a wurinsu wajen kare matsayin da Imam Ahmad ya sha dukan a kansa.